Tsagar Bangon Ɗakin Inna

Litinin, 11 ga Agusta, bayan Azahar. Rano.

Rediyo ta sake faɗa. Wai ana sa ran ruwa mai yawa har ƙarshen wata, masu ginin ƙasa da na bakin rafi su yi hattara. Ni da nake zaune a ɗakin bulo mai rufin kwano, me ya dame ni? Amma tun da na ji, hankalina ba ya Rano. Yana Unguwar Gai, a ɗakin soron da Inna take takaba.

Na haɗa jaka. Tocila, ashana a ƙulle cikin leda, maganin hawan jinin Inna, katinta na asibiti, zannuwa, garin kunu. Baban Ummi ya shigo ya same ni ina danna jakar da gwiwa don zif ya rufu, ya ce, "Hajiya Ko-ta-kwana, yaƙi za a yi ne ba a gaya mana ba?" Na ce ya yi dariyarsa, ranar da ake neman busasshiyar ashana ni za a nema.

Ina rubutawa ne don in ban rubuta ba mutane zan dama da maganar, kuma sun gaji da ni.

Laraba, 13 ga Agusta, da yamma. Unguwar Gai.

Na zo da Ummi a baya. Da ma ban zo na gani ba.

Kududdufin bayan gida ya cika ya batse, ruwan yana lasar gindin bangonmu. Madafi ya zube tun wancan mako, ba wanda ya gaya mini. Ɗakin da muka taso a ciki ni da Yaya Uzairu, rufinsa ya rufta, kaji ne ke kwana a ciki. Ɗaki ɗaya ya rage a gidan, na Inna da Baba.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka Baba yakan yi wa ɗakin nan yaɓe, ya gyara indararo. Bana ma ya tara ƙasa ya kwaɓa, ya ce in ya dawo daga Kahu zai hau. Tulin ƙasar yana nan tsakar gida, har ciyawa ta fito a kansa. Ba zan rubuta maganar Kahu ba.

Na sami Inna a kan tabarma, zani ba ado, kunne ba ɗan kunne, ido ba kwalli. Muryarta ma ta yi ƙasa. Ta karɓi Ummi tana cewa, "Takwarata, kin zo duba tsohuwa?" Ina shimfiɗa mayafina a gado na ga tsagar. Ta taso daga ƙasan taga ta gangara bayan gado. Na sa farce, ya shiga.

Na ce, "Inna, ki zo mu tafi Kibiya gidan Yaya. Ɗakin siminti ne, ga shi an share miki."

Ta ce, "Ke Afra'u, wata biyu na yi. Saura biyu da kwana goma. Ina za ni?"

"Bangon nan fa?"

"Bango yana nan inda aka ajiye shi."

Na rataye jakar a ƙusa kusa da ƙofa, na nuna mata. Ta ce Allah ya yi albarka, ba ta ko ɗaga kai ba.

Alhamis, da hantsi. Rano.

Ruwa tun asuba. Wayar Inna a kashe.

Alhamis, bayan Magariba.

A kashe.

Asabar, 16 ga Agusta, da rana.

Alhamdulillahi, caji ne ya ƙare. Na aika mata da ɗan batirin ajiye caji, duk da na san za ta ɗora shi a kan kwanuka ta manta.

Jiya Yaya Uzairu ya je da mutane. Sun jera buhunan yashi a bayan ɗakin, sun tokare bangon da gwafa ta waje, sun shimfiɗa tamfol a kan soro. Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta ko kama sunansa, bare ta zauna su yi shawara. Yana kan soro ta leƙo ta ce wa iska, "A gaya wa wancan ya taka a hankali." Iyakar abin da ya samu ke nan.

Ya kira ni ya ce, "Ke ce auta, ke ce mai baki a wurinta. Ni in na matsa, rufe fuska take yi."

Mun tsara komai ta waya. In ruwa ya shigo gida, tudun makarantar firamare za a nufa. Habu mai mota ya ce a kira shi kowane lokaci, amma a kira da wuri, don in aka yi ruwa mai ƙarfi kwarin da ke hanyar shiga unguwar ba ya ƙetaruwa. Ɗaki a shirye, mota a shirye, jaka a rataye. Na shirya komai sai mutumin da aka yi shirin dominsa.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan La'asar. Unguwar Gai.

Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, ta riga ni isowa. Ashe labari ya kai mata. Ban gama gaishe ta ba ta fara.

"Ku 'yan birni, Rano ma yanzu birni ce? Mace ta bar ɗakin mijinta da takaba a kanta, ta shiga mota, maza suna kallo? A gidanmu ba a taɓa yi ba. Uwarmu a ɗakinta ta gama, kakarmu ma haka. So kuke a ce ɗan'uwana bai yi sanyi a ƙasa ba iyalinsa suka watse?"

Na ce, "To Gwaggo, tunda ɗakin lafiya yake, ki dawo ki riƙa taya ta kwana."

Ta ce ƙafarta ba ta son sanyin ƙasa. Inna ta harare ni. Na lura Gwaggo a bakin ƙofa ta zauna har ta tafi, rabin jikinta a waje.

Tsagar tana nan. Yau ɗan yatsana ya shiga.

Laraba, da safe. Rano.

Na yi mafarki ina kwasar ƙasa da hannu. Ban gaya wa kowa ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, da yamma. Unguwar Gai.

Na sa rai da yau. Yaya ya roƙi Malam Ubaidullahi, limamin unguwar, ya biyo bayan an sauko daga masallaci. Ya tsaya daga waje, labule tsakaninsa da Inna, ya yi mata ta'aziyya sabuwa, sannan ya yi bayani a tsanake. Ya ce zaman takaba a gidan miji umarni ne, amma addini bai ce mace ta zauna inda take tsoron halaka ba. In gida yana barazanar faɗuwa, ta koma inda za ta aminta, ta ci gaba da lissafinta a can, ba abin da ya ɓaci. Har ya maimaita: ba abin da ya ɓaci.

Inna ta ce, "Na gode, Malam. Allah ya ƙara sani."

Na miƙe zan sauko da jaka. Ta ce, "Ina za ki kai ta?"

Bayan sun tafi na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga mata murya. Na ce Malam ya faɗa, Yaya ya faɗa, rediyo ta faɗa, wa kuma take jira? Maganar Gwaggo ce? Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ɗauko wata ƙwarya daga ƙarƙashin gado ta ajiye a gabana. Bakin ƙwaryar ya cinye saboda kankarar daɓe.

Ta ce, "Ba Talatu ba ce. Duk ruwan da ya shigo ɗakin nan ni nake kwashewa. Ni nake zare shara daga rariya in ta toshe. In soro ya fara ɗiga ni na san inda ake tara kwano. Ɗaki ba ya tsayuwa ba mutum a ciki, Afra'u. Ranar da na fita, ranar zai kwanta. Da hannunsa ya yi tubalin nan, ina miƙa masa ruwa da cikin wancan. A nan ya bar ni ya ce yana dawowa. To a nan zan gama masa."

Na yi kuka, ita ba ta yi ba. Ina jin tsoro, ina jin haushinta, kuma na fahimce ta, wannan shi ya fi ci mini rai.

Lahadi, da hantsi. Rano.

Wai ɗaki ya faɗa wa mutane a wani ƙauye gaba da Kahu. Maƙwabciyata ta fara ba ni labari ta kan katanga, na ce Ummi tana kuka. Ummi barci take.

Lahadi, bayan Isha.

Mun yi da Baban Ummi. Na ce zan koma can in zauna har marka ta wuce. Ya ce bai hana ni uwata ba, amma 'yarsa ba za ta kwanta a ɗakin nan ba ko na minti ɗaya. Ya daina kirana Hajiya Ko-ta-kwana, yanzu shi ma sauraron rediyon yake. Mun tsaya a kan in sauka gidan Yaya a Kibiya, in riƙa zuwa wurin Inna da rana, in dawo kafin duhu. Ya ce, "Ki yi mini alkawari. A tsakar gida za ki riƙa zama da ita." Na yi masa.

Litinin, 25 ga Agusta, da yamma. Kibiya.

Ƙofar ɗakin Inna ta daina rufuwa. Ta ce katako ne ya sha ruwa. Ba katako ba ne, bangon ne ya karkata.

Tsagar yau yatsu biyu take ci. Kuma in ka sa ido kana hango ruwan kududdufi ta ciki.

Da safe tana kakkaɓe ƙasa daga kan gado kamar ba komai.

Talata, bayan Magariba. Kibiya.

Mun fito. Tana nan gidan Yaya.

Laraba, da safe.

Ba yau ba.

Na wanke wa Ummi kai.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan Azahar. Kibiya.

In ban rubuta ba, abin nan zai kashe ni.

Ranar Talata bayan La'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, irin wanda kaji ke shiga akurki da kansu. Na kira Habu, ya zo ya tsaya a ƙofar gida, ya ce in yi sauri, in ruwan nan ya sauka kwana za mu yi a nan. Iska ta ɗaga gefen tamfol ɗin soro tana kaɗa shi. Ɗaya daga cikin gwafannin da Yaya ya kafa ta riga ta zame cikin laka.

Na shiga na sami Inna ta ɗaure zani, ta ɗauko ƙwaryarta, ta jera kwanuka. Na durƙusa na kama ƙafarta. Na haɗa ta da Allah, na haɗa ta da Annabi. Ta ce, "Tashi ki kai mini takwarata gida kafin ruwa. Gobe kya zo."

Ban tsara ba. Wallahi ban tsara ba, duk shirin da na yi wannan ba ya ciki. Na ji kawai hannuna yana kwance goyo. Ummi tana barci. Na kwantar da ita a kan gadon Inna, can ƙurya, daidai ƙarƙashin tsagar. Na koma na zauna a ƙasa na naɗe ƙafa.

Na ce, "Inna, in ɗakin nan lafiya yake, to ya riƙe mu mu uku."

Ta ce, "Ɗauke ta."

Na ce a'a.

"Afra'u, ɗauke yarinyar nan."

Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Soro ya fara ɗiga, ba a cikin kwanukan ba, a wani sabon wuri. Wani abu ya yi ƙara a cikin azara. Ƙasa ta zubo a kan Ummi, a gashinta, a kumatunta. Ta buɗe ido. Ba ta yi kuka ba, ta ɗaga hannu tana son kama abin da ke zubowa.

Duk jikina yana cewa tashi. Nono ya jiƙa mini riga. Na danne gwiwoyina da hannu biyu don kada su tashi da kansu, ina kallon Inna, tana kallona. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na san dai na ce a raina, in ya faɗo yanzu, ni na kashe ta.

Inna ta saki ƙwaryar. Ta haye gadon nan da gwiwa, ta suri Ummi, ta dunƙule ta a ƙirji, ta fita cikin ruwa ba takalmi ba mayafi. Matar da ta yi wata biyu tana tafiya kamar ba ta son taka ƙasa, da ƙyar na cim mata a zaure. Na fizgo jakar a ƙusa, na yafa mata mayafina. Habu ya buɗe ƙofa ya kau da kai. Muna ƙetare kwarin ruwa ya kai rabin taya.

A cikin mota ta share wa Ummi fuska da bakin zaninta, ta miƙo mini ita. Ta dube ni ta ce, "Anya ni na haife ki?"

Tun daga nan ba ta sake yi mini magana ba.

Juma'a, da hantsi.

Yaya yana ta sa mini albarka, wai yadda na shawo kanta. Ya tambaya me na ce mata. Na ce roƙo ne.

Baban Ummi ya kira, ya ce sannu da ƙoƙari. Ya ce a sa masa Ummi ya ji muryarta. Na sa.

Na wanke mata kai. Halimatu, matar Yaya, ta ce, "Wai ke kullum wankin kai, so kike mura ta kama ta?" Ni dai in na shafa sai in ji yashi.

Lahadi, 31 ga Agusta, da yamma.

Ruwa ya ɗauke tun ranar Laraba. Rana ƙwal, har ana shanya.

Ɗakin yana tsaye.

Inna tana zaune a ɗakin siminti a kan tabarma, fuskarta ga bango. In tana son ruwa Halimatu take kira. In na kai abinci ba ta ci sai na fita. Na shigar mata da maganinta daga cikin jakar, ta bari har Halimatu ta zo ta miƙa mata. Ummi ta rarrafa ta kama gefen zaninta, ta janye ƙafa a hankali. Ba ta ce takwarata ba. Wannan ya fi mari ciwo.

Litinin, bayan La'asar.

Gwaggo Talatu ta aiko da saƙo ta bakin masu zuwa cefane. Wai ɗaki yana nan garau, ko ƙasa bai zubar ba, an dai fitar da baiwar Allah an yi yawo da ita a mota a banza. Wai mata sai tambaya suke.

Yana tsaye.

Talata, 2 ga Satumba, da safe.

Halimatu ta ja ni madafi. Ta ce Inna ta ninke zannuwanta, ta ce a gaya wa wancan ya nemo mota ranar Juma'a, za ta koma ɗakinta.

Rediyo ta ce akwai sauran ruwa.

Ba ni da abin da zan sake yi. Abin da na yi ba a yin sa sau biyu, kuma ko ana yi, ba zan iya ba.

Talata, bayan Magariba.

Na idar da salla na ɗaga hannu, sai na ji abin da bakina yake roƙo. Ɗakin da aka haife ni, ɗakin da Baba ya gina. Allah ka kayar da shi kafin Juma'a. Na ce astagfirullah, sannan na sake roƙa.

Laraba, da rana.

Yana tsaye.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan Azahar. Kibiya.

Da hantsi maƙwabcinmu na Unguwar Gai ya kira Yaya. Ba ruwa, ba iska, rana tana tsaka da dukan gari. Ya ce yana ɗaure akuya ya ji kamar an sauke kaya daga tifa, ya leƙo sai ƙura. Bangon baya ya faɗa ciki, soro ya bi shi. Gadon ba a ganinsa. Ba kowa a gidan sai kaji.

Yaya ya zauna a kan turmi ya riƙe kai. Ya ce, "Ke za ki gaya mata."

Na ɗauka zan ji daɗi. Sai ga ni ina ta ganin gadon nan da abin da na kwantar a kai. Na goya Ummi na shiga.

Na durƙusa na ce, "Inna, ɗakin ya faɗi."

Ba ta juyo ba. Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, can ƙasa, kamar yadda ta faɗa ranar da aka zo daga Kahu. Na jira. Ban san me nake jira ba, wataƙila ta ce na kyauta, wataƙila ta ce Allah ya tsare.

Ta juyo ta dube ni, karo na farko tun cikin mota. Ta ce, "Da ina ciki da bai faɗi ba."

Na buɗe baki. Ina da amsa, na yi makonni ina tara ta. Sai na ga fuskarta, na ga hannuwanta a kan cinya ba abin da za su kwasa.

Na ce, "Haka ne, Inna."

Sai a lokacin ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba tun farkon damina. Tana yi ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Kwanto mini ita."